Mai Kemis Da Huhun Abbana

Yau Abbana ya yi wa fanka faɗa, ni kuwa na shige banɗakin asibiti na sha kukan murna har na ƙoshi.

Ku tsaya, kar ku ce Auta ta zare. Mutumin nan ya daɗe a kwance ba ya iya haɗa kalma biyu sai numfashinsa ya sarƙe. Yau da hantsi ina zaune ina kaɗa masa shayi, sai na ga ya sa yatsa ya janye robar iskar da ke hancinsa, ya ɗaga ido sama, ya yamutsa fuska.

"Wannan fankar boris ɗinta ya tafi," in ji shi. "Wai wa ke kula da kayan wurin nan ne? Auta, ke ba ki jin ƙarar?"

Cokalin ya suɓuce mini. Abbana mai gyaran rediyo ne da fanka da duk wani abu mai waya a cikinsa, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya shiga ɗaki bai samo abin da ya lalace ba. Ranar da ya daina ƙorafin kayan mutane, ranar na san ciwon ya yi tsanani. To yau ya dawo, alhamdulillahi.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, ni ce 'yar ƙarshe a gidanmu, shi ya sa kowa Auta yake ce mini. Yayyena duk sun yi aure sun watse, an bar ni da Abba da Umma, sai Goggo, yayar Abba, wadda take da gidanta a bayan layinmu amma kujerar falonmu ta fi sanin nauyinta. Kuma akwai Mai Kemis. Yau labarinsa zan ba ku, don na daɗe ina yi muku shi a gutsure.

Shagonsa na bakin titi, ƙofa uku tsakaninsa da na Abba. Dogo ne siriri, kullum cikin farar riga mai gajeren hannu, da biro a aljihun gaba, turarensa kuma ba ya iya danne warin magani. Sauran 'yan mata samarinsu turare suke kawo musu, ko agogo, ko jakar hannu. Nawa ranar da ya fara zuwa gidanmu leda ya riƙo. Ya ciro man zafi ya miƙa wa Goggo saboda gwiwarta. Ya ba Umma maganin ƙarin jini, ya ba Abba na ɗigawa a ido. Na gyara zama cikin doguwar rigata ruwan toka da na ɓata lokaci ina gogewa, ina jiran nawa. Ya sunkuyar da kai ya turo mini wani ɗan kwali.

Maganin tsutsar ciki ne, wallahi tallahi.

"Ana so a riƙa sha lokaci-lokaci," in ji shi, yana kallon kafet.

Tun daren ranar na ajiye lambarsa a wayata da sunan Kafso. Saƙonninsa ma haka suke, kamar daga bakin nas. "Malama Auta, kin tashi lafiya? Ki sha ruwa da yawa." Da yamma kuma: "Kar ki manta da bitamin." Ni kuwa amsata ba ta wuce "To." Ba mugu ba ne, kar ku fahimce ni a baibai. Bai dai iya magana ba, kuma idan ya ji mutum ya yi tari hankalinsa tashi yake har sai ya sa masa wani abu a hannu. Ni dai zuciyata ce ta ƙi motsawa.

Amma a gidanmu ya riga ya gama da kowa.

"Ke wace irin yarinya ce?" Goggo kenan, tana murza man zafinsa a gwiwa. "Mutum da sana'arsa, ga ladabi, ga hannu a sake. Tun da ya fara zuwa gidan nan wa ya ƙara bin layin asibiti? Ko so kike sai kin tsufa a gabanmu mu riƙa ce miki Goggo ke ma?"

Umma ba ta faɗa. Ajiyar zuciya take yi duk lokacin da na gitta, kuma wallahi gara faɗan Goggo.

Yanzu sai na gaya muku zancen gwangwanin Umma, don a kansa komai ya rataya. Ummata ba ta ƙaunar tarkace. Ko ledar burodi ta gani a kan tebur sai ta ninke ta. To duk maganin da Mai Kemis ya kawo, da ya fita sai ta zauna ta ɓalle ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya daga cikin fakitinsu, ta zuba su a wani tsohon gwangwanin biskit mai hoton furanni, kwalayen da takardun kuma ta watsa a shara. Da launi ta san su. Ja da baƙi na tari ne, kore da rawaya na ciki, farin dogon nan na zafin jiki, shuɗi kuwa sai abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Duk wanda ya yi atishawa a gidan za a ɗebo masa biyu. In ya ji sauƙi ya bari, saura na jiran na gaba. Har maƙwabta aiko yara suke a sam musu.

Sai wata mura ta shigo unguwarmu, ba irin wadda muka saba ba. Ta kwantar da manya da yara, ta rufe shaguna. Da ta kama Abba sai da ta girgiza shi. Zazzaɓi kamar wuta, gaɓoɓi duk ciwo, tari har ya riƙe ƙirji. Na ce a tafi asibiti. Goggo ta harare ni.

"Ga likita har gida, asibitin me?"

Mai Kemis kuwa ya tsaya tsayin daka, safe da yamma yana hanya. Ya kawo wannan, in aka kwana biyu ba sauƙi ya ce a ajiye a gwada wancan. Umma tana ɓallewa tana zubawa a gwangwani, tana ƙarawa Abba da nata na da. Abba yana haɗiya yana mita. Can sai zazzaɓin ya sauka, ya tashi zaune, ya ci abinci, har ya saka hularsa ya leƙa shago.

Ranar Goggo kamar ta taka rawa. "Kin gani ko? Kin gani da idonki? Da ƙanina ya ƙara ƙarfi yaron nan zai turo iyayensa, magana ta ƙare." Na shige ɗaki na kwanta ina kallon silin. A idon kowa mutumin ya ceci ubana.

Ba a jima ba, wata la'asar Abba ya dawo daga shago ya zauna a dakalin ƙofar falo, ya sunkuya zai cire takalmi ya kasa. Na fito da tsintsiya a hannu na same shi yana rawar ɗari cikin zafin ranar nan, ya dafe haƙarƙarinsa na dama, yana jan numfashi guntu-guntu. Leɓɓansa sun yi duhu. Ya yi tari ya tofar, kakin ya fito launin tsatsa. Wannan karon ban tambayi kowa ba, na ruga na buga ƙofar maƙwabcinmu mai mota.

Likitar da ta karɓe mu mace ce gajera mai gilashi, da takalmin roba, tana magana da sauri kamar ana jiranta a wani wuri, kuma ana jiran nata ɗin. Ta sa aka ɗauki hoton ƙirjinsa, ta ɗaga shi a fitila ta nuna mana inda ya yi fari fat a gefen dama.

"Ciwon huhu ne, nimoniya. Za mu kwantar da shi. Hajiya, ya sha wani magani a gida?"

"Na zazzaɓi kawai," in ji Umma.

Na juya na kalle ta. Ta take mini ƙafa a ƙarƙashin tebur, fuskarta ko gezau. Da muka fito baranda ta ja ni gefe, ta rage murya.

"Ki iya bakinki. Yaron nan alheri ya yi mana. Kin san halin mutanen asibiti, yanzu sai su ɗora masa laifi su ja a rufe masa shago. Wanda zai zama surukinmu za mu kai ƙara? Da wane ido za mu kalli iyayensa?"

"Kuma magani ai magani ne," in ji Goggo. "Ba don shi ba da tuni an yi zaman makoki."

Na biye musu, don a lokacin ni ma ban san abin yana da nauyi haka ba. Aka ɗaura wa Abba ƙarin ruwa, aka fara yi masa allurai, aka kai kakinsa ɗakin gwaji. Muka zauna jiran sauƙi.

Sauƙi ya ƙi zuwa. Kullum sai na ga nas ta duba ɗan abin da ake maƙala masa a yatsa, ta ƙara murɗa iskar sama. Aka ɗauke shi daga babban ɗaki aka kai shi wani ƙarami kusa da teburin nas-nas, inda ake sa waɗanda ba a son ɗauke ido daga kansu. Fankar ɗakin tana ta ƙara ƙiiƙii a saman kansa, ko kallonta bai yi ba. A nan tsoro ya kama ni sosai. Ina riƙe da hannunsa, hannun nan mai tabon ƙunar dalma, ina jin yadda ya yi sanyi alhali goshinsa na tafasa.

Likita ta sake kiran mu ofishinta da rana tsaka. Ta cire gilashin ta murza idonta.

"Ban gane ba, Likita," na ce. "Ya fa warke. Har shago ya je. Me ya dawo da murar?"

"Ba murar ce ta dawo ba, ƙanwata. Murar ƙwayar bairos ce, ta yi ɓarnarta ta wuce. Amma kafin ta wuce ta kankare hanyar iskarsa. Akwai wasu 'yan gashi ƙanana a ciki masu share datti su fito da shi, sun zube. Sojojin jikinsa kuma sun gaji da wancan yaƙin, wasu sun yi sanyi, wasu sun ruɗe. Sai wata ƙwayar daban, bakteriya, ta samu gida ba mai gadi ta shige huhu. Sojojin da suka rage yanzu faɗa suke ba ji ba gani, faɗan nasu ma yana ƙara cika masa huhun da ruwa."

Ta mayar da gilashin, ta kalli Umma.

"Abin da ya dame ni shi ne allurar da muke yi masa. Ya kamata a ce ta fara aiki, amma ƙwayar ko a jikinta. Gwajin kakin ma ya ƙi nuna mana fuskarta sosai, mun sake aika wani. Na fi ganin haka ga wanda ya riga ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai. Kafso ba ya taɓa bairos, Hajiya. Abin da yake yi in an sha shi rabi da rabi, ya kashe raunanan bakteriya ya bar masu taurin kai, su kuma sun riga sun saba da shi. Don haka zan sake tambaya. Ya sha wani abu?"

Umma ta kafa wa yatsunta ido. Na ji ƙafarta tana laluben tawa, na janye.

"Ya sha," na ce. "Ya sha da yawa."

"Auta!"

"Umma, ki yi haƙuri. Abba ne fa."

Ban jira amsarta ba. Na fita na tari mai babur, na je gida na ɗauko gwangwanin daga saman firij, na dawo da shi a ƙarƙashin mayafina kamar na sato. Likita ta buɗe murfin. Ta daɗe tana kallon ja da baƙi da kore da shuɗi sun cakuɗe kamar alawar yara.

"Ina kwalayen?"

"Na zubar," in ji Umma, muryarta can ƙasa. "Amma na san su. Wannan na tari ne, wannan kuma..."

"Hajiya, launi ba suna ba ne. Kamfanoni barkatai suna yin ja da baƙi, kowa da abin da ya zuba a ciki." Ta rufe gwangwanin a hankali. "Akwai allurai masu ƙarfi da muke ajiyewa don irin wannan ranar, amma suna da nauyi a ƙoda, kuma jikinsa ba zai ɗauki laluben cikin duhu ba. Sakamakon gwajin zai ɗauki lokaci, shi kuma ba shi da lokacin. In na san abin da ya riga ya sha, na san wanda zan tsallake. Wa ya san sunayen?"

Mutum ɗaya ne a duniya ya sani.

Na zauna a bencin baranda na ciro wayata. Na rubuta na goge, na rubuta na goge. A ƙarshe ga abin da na tura masa: "Likita tana son sunan duk maganin da ka ba Abba. Umma ta zubar da kwalayen. In ka faɗa, wataƙila ka shiga matsala da hukuma. In ba ka faɗa ba, ban san me zai faru da shi ba."

Nan take alamar ya karanta ta fito. Na ga yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Daga nan shiru.

Na kira, ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Na sake kira, haka. Na kira yaron shagon da ke kusa da nasa, ya ce ai yanzun nan ya ga Mai Kemis ya ja ƙofa ya sa kwaɗo ya hau babur.

"Kin kore shi," in ji Goggo. "Hankalinki ya kwanta. Kin tona wa bawan Allah asiri, ga uban naki a kwance, ga miji ya gudu."

Na juya mata baya. Amma ku da nake gaya wa gaskiya, a zaman nan na tsani mutumin nan tsana mai tsanani. Na ce ashe duk ladabin na banza ne. Ashe mai kawo leda safe da yamma, ranar da aka nemi kalma kawai daga bakinsa sai ya sa wa shago kwaɗo. Ina jiyo numfashin Abba ta ƙofa, kowane ja kamar ana tsaga tsumma, ina kallon wayar da ta ƙi haske.

Rana ta fara sanyi, na riga na cire rai, sai na ji takun gudu a matakala. Na ɗaga kai. Shi ne, da kwali a kafaɗa. Farar rigar nan da ban taɓa ganin ɗigo a jikinta ba ta jiƙe sharkaf da gumi, ta yi ƙura, biron ya fashe ya ɓata aljihun. Bai gaishe da kowa ba.

"Ina Likitar?"

Na shige gaba ya biyo ni, Umma da Goggo na bayanmu. Ya dire kwalin a teburinta ya fara fito da su, kowane iri da kwalinsa sabo, yana jerawa.

"Wannan na fara ba shi. Da zazzaɓin bai sauka ba na kawo wannan. Wannan bai daɗe yana sha ba ya ce yana tayar masa da zuciya, na canza masa da wannan. Waɗannan na baya ne, na san suna cikin gwangwanin." Ya ɗaga na ƙarshe. "Wannan ya ƙare a shagona, kuma sunansa ya kwanta mini, shi ya sa na tafi har wurin dillalin da nake saro kaya na karɓo kwalinsa. Na ji tsoron in faɗi ba daidai ba. Shi ya tsayar da ni."

Likita tana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya tana karantawa, fuskarta na ƙara ɗaurewa.

"Da takardar wane likita ka ba shi waɗannan?"

"Babu."

"Ka san dole in sanar da masu kula da shagunan magani?"

"Na sani. Ki sanar. Amma don Allah ki fara duba shi tukuna."

Ta kalle shi ta saman gilashi, kallo mai tsawo. Sai ta ture kwalaye uku gefe guda da bayan hannu, ta miƙe ta ƙwala wa nas kira tun kafin ta kai ƙofa. Shi kuwa ya juya ya durƙusa a gaban Umma, a kan tayil ɗin ofishin.

"Umma, ki yafe mini. Na ɗauka taimako nake yi. Ban iya zuwa gidan mutane hannu rabbana ba, kuma abin da nake da shi kenan."

Umma ta rufe fuska da mayafi. Ni dai ina tsaye jikin bango, ina kallon ƙeyarsa da gumi ke bi, na rasa inda tsanar ɗazu ta shige.

A yammacin aka canza wa Abba allura. Ba a ga komai nan da nan ba, sai da muka ƙara cin baƙar wuya. Amma sannu a hankali zazzaɓin ya fara ja da baya. Da sakamakon gwajin ya fito, Likita ta tare ni a baranda ta ce ƙwayar mai taurin kai ce ƙwarai, magungunan da ya sha a gida da allurar farko duk ba sa taɓa ta, wadda aka koma kuwa ita ce daidai. Nas ta fara murɗa iskar ƙasa maimakon sama. Ranar da Abba ya matse mini hannu da ƙarfinsa na da, na san Allah ya bar mana shi.

Umma da kanta ta ɗauki gwangwanin ta kai wa nas ta ce a zubar yadda ya dace. Ta juyo har ta yi nisa, sai ta koma.

"'Yar nan, in kun juye ku dawo mini da gwangwanin, mai kyau ne."

Na yi dariyar da na manta yadda ake yinta.

To ku ji inda duniya ta juya. Goggon nan da ta hana ni shan ruwa a kan Mai Kemis, yanzu ko sunansa ba ta son ji.

"Mugun yaro, ya kusa kashe mini ƙani! Dama ni tun farko jikina bai ba ni shi ba. Kar in sake ganin ƙafarsa a gidan nan. Ke kuma ki goge lambarsa, Allah Ya kawo wani."

Tana faɗa tana murza man zafinsa a gwiwa.

Masu dubawa sun je shagon nasa, sun kwashe wasu magunguna, sun ce ya rufe sai an gama bincike. Bai gaya mini ba, a bakin maƙwabta na ji. Bai sake zuwa asibiti ba. Ya daina ce mini in sha ruwa, ya daina zancen bitamin. Saƙo ɗaya yake turowa kowace safiya: "Ya jikin Abba?" Ni kuma, Auta mai amsa "To", sai na tsinci kaina ina rubuta masa dogon bayani, ya ci kaza, ya zauna da kansa, ya yi barci. In safiya ta yi saƙon bai shigo da wuri ba, sai in riƙa juya wayar ina duba ko caji ne ya ƙare. Na kuma cire Kafso daga kan lambarsa. Kar ku tambaye ni me na sa, ba zan faɗa ba.

Shi ne yau, bayan Abba ya gama da fanka na dawo daga kukana na wanke fuska, na tarar ya kafe Goggo da ido.

"Ina yaron nan?"

"Wane yaro? Ka rabu da shi, ka ji da jikinka. Ai na riga na yanke, ba shi ba gidanmu."

"Yaya," in ji Abba, yana hutawa tsakanin kalmomi, "ni na haɗiye. Ba ɗure ya yi mini ba. Kuma duk abin da kuke faɗa a kaina ina ji. Numfashi ne ya gagare ni, kunnena lafiya lau."

Umma ta sunkuyar da kai.

"Shekarata nawa ina gyara," ya ci gaba. "Kowa ya kawo rediyo sai ya rantse da kanta ta mutu, ba wanda ya taɓa ta. Sai na buɗe in ga an yi mata kaca-kaca. Wanda zai ɗauko ɓarnarsa a kafaɗa ya kawo ya ce ni ne, ban cika haɗuwa da irinsa ba." Ya juyo gare ni. "Auta, kira shi. Ki ce ya zo yanzu ina da magana da shi, ke ma ki tsaya ki ji. Amma ki gaya masa ya zo hannu rabbana. Ko alawar tari na gani a aljihunsa, ya koma."

Goggo ta buɗe baki, Abba ya mayar da robar iskarsa ya lumshe ido, alamar an rufe zancen.

Na tura masa saƙon yadda Abba ya faɗa, ban rage ko harafi ba. Ya karanta, bai amsa ba, amma wannan karon ban zarge shi ba. Na dawo kujerar gefen gado na zauna ina rubuta muku wannan don hannuna ya samu abin yi. Ban san me Abba zai ce masa ba. Abbana ba a cin alwashi a kansa, yana iya sa masa albarka, yana iya wanke shi tas ya sallame shi.

Yanzun nan wayar ta yi ƙara.

"Malama Auta, ina bakin ƙofa. Ban riƙo komai ba. Ban taɓa zuwa wurinku haka ba, na rasa inda zan sa hannuwana."

Na leƙa ta gilashin ƙofar. Ga shi can tsaye cikin wankakkiyar farar riga, babu biro, hannuwan na reto a gefensa, ya sa su a aljihu ya fitar, ya haɗa su a baya ya sake saki. Na miƙe na gyara mayafina a madubin wayata, abin da ban taɓa yi dominsa ba. Goggo ta gani, ta zaro ido.

"Ke kuma ina za ki?"

"Zan shigo da shi, Goggo."